Gorar Nomau

Daren Laraba aka ɗauke wuta a Yelwan Yawuri.
Na kunna tocila, na buɗe littafin da nake rubutawa,
mai ganye tamanin, bangonsa ya sha manja.
Tumba, 'yar ƙanwata, shekararta tara,
ta jingina da buhun albasa ta ce,
"Kawu, ina muka kwana?"

Mun kwana inda Nomau ya sace sunayen gari.
Yakan bi dare da gora a hammata,
ya raɓe a zaure yana saurare.
Uwa ta ƙwala kira, "Arzika!"
sai ya cafke sunan a iska kamar fara,
ya tura a gora, ya toshe da totuwa.
Kwana arba'in, gungun ya zama garin "kai" da "ke".
Mai bin bashi ya rasa ƙofar da zai tsaya,
malami ya buɗe rajista ya tarar da ita fara fat,
liman ya zo raɗin suna, bakinsa ya ƙi,
aka mai da rago turke.

Na karanta mata babin ƙarshe:
yara sun kama shi, sun fasa gorar,
aljanar ruwa ta mai da shi dutse a tsakiyar Kwara,
kada na shan hantsi a gadon bayansa.
Na rufe littafi ina jiran tafi.

Ta ce, "Me ya sa ya sata?"
Na ce mugu ne.
Ta ce, "Ranar da na fasa tulun Inna
ai sai da ka tambaye ni dalili.
Kuma dutse ba ya jin komai, Kawu.
Hutu ka ba shi."

Ban rintsa ba.
Injin wani jirgi yana tari a bakin ruwa,
ni ina juya shafi.
Na ba Nomau jan ido, na ba shi yatsa shida,
na manta ban ba shi uwa ba.
Sai wajen kiran sallar farko na gano shi:
jariri a kwale-kwale, shekarar ambaliya,
ya girma a hayaƙin bandar kifi,
"kai yaro" da safe, "wancan" da maraice.
Na ƙirga, shafi sittin da biyu,
babu bakin da ya taɓa furta sunansa a labarin.
Ni kaɗai nake rubuta shi.

Na yage dutsen.
Yanzu gorar a kansa take fashewa,
sunayen su koma gidajensu,
amma kowanne ya bar wutsiya a kunnensa.
Duk wanda aka kira a gari, shi ke amsawa.
"Arzika!" Na'am.
"Hakuwa, ɗauko tsintsiya!" Na'am.
Ya amsa na amarya, ya amsa na mai cin bashi,
ya amsa na akuyar da wata tsohuwa ta raɗa wa suna,
yana gudu lungu-lungu har diddigensa ya tsage.
Mai ƙishirwar kira, an tsoma shi a kogi.

Tumba ta yi dariya har da buga ƙafa.
Can sai ta yi tsit.
"Har yaushe?"
Na ce sai ranar da wani ya kira nasa.
"Wa ya san nasa?"
Na ce daga ni sai mai karatu.

Ta karɓe tocilar daga hannuna,
ta sunkuya har hancinta ya taɓa takarda,
ta ce a hankali, kamar mai tsoron tada jariri,
"Nomau."

Daga bakin ruwa wani ya ce na'am.
Wataƙila masunci ne ke amsa ɗan'uwansa.
Ban rubuta wannan ba.